Rolar bariyeta a babban sukuta: wane nauyi ya kamata in saya?

Wani mai babur ya aiko da tambaya yana cewa: "Ina da Yamaha XMAX 300 wanda na saya na hannu. Yana da nauyin tashi, musamman idan na yi goyo, kuma wani bakanike ya ce in cire rolar da ke cikin bariyeta mai giram 17 in sa mai giram 13, wai babur zai ƙara ƙarfi da gudu. Shin haka abin yake, kuma wane nauyi ya kamata in saya?"

Malam, akwai gaskiya a maganar bakanikenka, amma ya faɗe ta ta hanyar da za ta iya sa ka kashe kuɗi kana tsammanin abin da ba zai samu ba. Rola ba ta ƙara wa inji ƙarfi ko da ƙwayar zarra. Abin da take yi shi ne zaɓar yawan juyin da inji zai tsaya a kansa a lokacin da giyar babur take sauyawa, kuma idan aka dace da juyin da injin ya fi ba da ƙarfi a kansa, sai mai babur ya ji kamar an sa masa sabon inji, alhali ƙarfin da ma yana nan, amfani da shi ne ba a yi. Saukowa daga giram 17 zuwa 13 a tashi ɗaya kuwa tsalle ne mai nisa, kuma ba zan ba ka shawarar farawa da shi ba. Domin ka gane dalili, sai mun buɗe murfin gefen hagu mun ga abin da ke ciki.

A cikin murfin nan akwai fuli biyu da bel ɗaya mai kaurin baya da siririn ciki wanda ya haɗa su. Kowane fuli faifai biyu ne masu gangara da suke fuskantar juna, bel ɗin yana zaune a tsakaninsu. Fulin gaba yana kan karanshaf, wato babbar sandar da inji yake juyawa, kuma faifansa na ciki, wanda yake iya matsawa gaba da baya, shi ne bariyeta. A bayan wannan faifai akwai ramuka shida masu gangara, kowane rami da rolarsa, wato ɗan mulmulallen ƙarfe da aka lulluɓe da roba, sannan wani farantin ƙarfe ya rufe su. Idan inji yana juyi a hankali, rolar tana kwance kusa da tsakiya, faifan biyu suna buɗe, bel yana can ƙasa a ɗan ƙaramin zagaye, wannan kuwa daidai yake da giya ta ɗaya a babur mai giyar ƙafa. Da zarar juyi ya ƙaru, sai rolar ta nemi fita waje kamar dutsen da aka sa a majajjawa, ta hau gangarar ramin, ta tura faifan ya matse bel, bel ya haura sama zuwa babban zagaye. Tun da tsawon bel ba ya canzawa, hawansa a gaba yana tilasta masa nutsewa a fulin baya, inda wani babban sifirin yake matse faifan yana hana su buɗewa. Saboda haka duk tafiyar da kake yi, ja-in-ja ne ake yi tsakanin nauyin rola a gaba da ƙarfin sifirin a baya, tare da wasu ramukan karkace a fulin baya da suke ƙara matse bel gwargwadon nauyin da taya take ja. Inda ƙarfin ɓangarorin biyu ya yi daidai, nan juyin inji yake tsayawa yayin da gudun babur yake ta ƙaruwa. Wannan ne ya sa idan ka murɗe totur har ƙarshe za ka ji ƙarar inji ta tsaya a murya ɗaya, amma allurar gudu tana ta hawa.

To, wannan muryar da inji yake tsayawa a kanta ita ce duk abin da ake gyarawa. Rola mai nauyi tana cin galabar sifirin da wuri, sai giya ta hau tun inji bai kai ga ƙarfinsa ba, kamar direban da ya sa giya ta uku yana tsakiyar hawan tudu. Rola marar nauyi sai inji ya yi juyi mai yawa kafin ta iya tura faifan, don haka babur yakan daɗe a ƙaramar giya. Kamfanin Yamaha ya bayyana cewa injin XMAX 300, mai girman sisi 292, yana ba da iyakar ƙarfinsa, kilowat 20.6, a juyi 7,250 cikin minti ɗaya, ƙarfin murɗawarsa mafi girma kuma yana zuwa ne a juyi 5,750. Masu ƙera babur sukan zaɓi rolar da za ta riƙe inji a ƙasa da juyin iyakar ƙarfi, saboda suna la'akari da shan mai da ƙara da hayaƙi da kuma daɗewar inji, kuma ba kuskure suka yi ba, mai saye na gama-gari suke yi wa lissafi. Wannan tazarar da suka bari ita ce ɗan filin da mai sauya rola yake da shi, ba ta kuma da faɗi sosai.

Akwai lissafi mai sauƙi da zai hana ka yin cinikin biri a sama. Ƙarfin da rola take turawa da shi yana ƙaruwa ne daidai da nauyinta, amma game da juyi, ninki biyu yake tafiya: idan juyi ya ninka sau biyu, turawar takan ninka sau huɗu. Abin da wannan yake nufi shi ne, idan ka rage nauyin rola da kashi 10 cikin 100, juyin da inji yake tsayawa a kansa zai ƙaru da kusan kashi 5 cikin 100 kawai. A ce, misali, ka duba agogon juyi da rola mai giram 17 ka ga allura tana tsayawa a 6,000. Mai giram 16 za ta kai ka wajen 6,200, mai giram 15 wajen 6,400, mai giram 13 kuwa wajen 6,850. Wannan ƙiyasi ne na takarda, domin siffar gangarar ramukan da yanayin fulin baya sukan sa abin ya ɗan kauce, amma yana nuna maka cewa a babur irin naka kowane giram ɗaya yana motsa allura da kusan juyi 200. A ƙananan babura masu rola mai giram 9 ko 10, giram ɗaya ya fi haka tasiri nesa ba kusa ba, shi ya sa ba a ɗaukar lambar da ta yi wa wani babur daidai a ɗora wa wani.

Wataƙila ka ce ai 6,850 ma ba ta kai 7,250 ba, me zai hana a sa mai giram 13 ɗin? Abin da zai hana shi ne rola ba ta san lokacin da kake tsere da lokacin da kake tafiyar kasuwa ba. Nauyin da ka zaɓa yana aiki a kowane hali, don haka ko kana tafiya a hankali cikin gari da ɗan totur, inji zai riƙa juyi fiye da yadda ya saba, yana ƙara, yana shan mai, yana ɗaukar zafi. Sannan idan rola ta yi rashin nauyi da yawa, takan kasa tura bel har ƙarshen faifan a kan kari, sai inji ya kai iyakar juyin da kwamfutarsa ta yarje masa tun babbar giya ba ta gama shiga ba, gudun ƙarshe ya ragu maimakon ya ƙaru. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Haka nan wanda ya sa rola mai nauyi da yawa don neman gudun ƙarshe, shi ma ba ya samu, domin giya takan yi wa inji girma, iska ta danne babur, inji ya kasa hawa zuwa juyin da yake da ƙarfi. Gudun ƙarshe ya dogara ne a kan ƙarfin inji da iyakar inda bel yake iya kaiwa a fuskar faifan, kuma matuƙar rolar tana iya kai bel ƙarshe, sauya nauyinta ba ya ƙara masa wani abin kirki. Inda ake ganin amfani na zahiri shi ne tsakanin gudun kilomita 30 zuwa 100 a awa ɗaya, wurin wuce mota da hawan tudu da ɗaukar goyo.

Amma kafin ka je kasuwa, akwai abin da ya fi damuna a tambayarka, wato cewa babur ɗin na hannu ne kuma ba ka ambaci lokacin da aka sauya masa bel ba. Yawancin baburan da ake kawo mini da kukan nauyin tashi ba sauyin nauyi suke bukata ba, kayan cikinsu ne suka gaji. Akwai wani da aka taɓa kawo mini, mai shi ya riga ya sayi rola kala biyu yana neman in gwada masa. Da na zare bariyeta na zube tsofaffin rolar a tafin hannuna, babu guda ɗaya da ta rage a zagaye: robar da ke lulluɓe da ƙarfen kowace ta cinye ta gefe ɗaya ta yi shafal, idan ka mirgina ta a kan tebur sai ta yi tsalle biyu ta tsaya a kan wurin da ya cinye. Bel ɗin kuma gefensa ya yi santsi yana ƙyalli, ƙurarsa baƙa ta cika murfin har ta toshe matatar iskar da ke sanyaya wurin. Rolar da ta yi shafal takan maƙale a wuri ɗaya cikin raminta, ba ta komawa ƙasa sosai idan an tsaya, sai babur ya riƙa tashi kamar daga giya ta biyu. Bel da ya sirance kuwa yakan kasa hawa saman fulin gaba yadda ya kamata, yana kuma zamewa. Na sa masa sabon bel da rola mai nauyin asali, na wanke fuskar faifan, ya fita gwaji ya dawo ya ce ba ya bukatar waɗanda ya sayo. Littafin kula da baburan wannan aji yakan sa a sauya bel a wajen kilomita 20,000, kuma a ƙasarmu mai zafi da ƙurar hunturu ban ga laifin wanda ya riga lokacin ba. Ka auna faɗin bel ɗinka ka gwada da iyakar da littafin ya ƙayyade, ka duba bututun ƙarfen da bariyeta take zamewa a kansa ko ya yi lakaka, ka duba ƙananan robobin nan uku da suke riƙe farantin baya, domin idan suka cinye za ka riƙa jin kakat-kakat idan inji yana tsaye yana aiki.

Sai kuma ka bambance irin nauyin tashin da kake ji. Idan matsalar tana cikin taku na farko ne, wato ka murɗa totur babur ya yi jinkiri ko ya riƙa karkarwa kafin ya motsa, wannan aikin kuloci ne da ke haɗe da fulin baya, ba na rola ba. Kulocin yana da takalma masu ƙananan sifirin waɗanda suke buɗewa su kama ƙwaryar da ke juya taya idan juyi ya kai wani mataki, kuma karkarwar tana zuwa ne yawanci daga ƙura da santsin da takalman suka yi. Wankewa da ɗan gogewa da takardar yashi mai laushi sukan magance ta. Babban sifirin na baya kuma, wanda wasu suke gaggawar sauyawa da mai tauri, ni ina ganin a bar shi yadda yake a injin da ba a taɓa cikinsa ba. Mai tauri yana sa giya ta riƙa saukowa da sauri idan aka sake murɗa totur, amma yana ƙara matse bel, yana ƙara zafi, yana kuma canza lissafin rola gaba ɗaya, har mutum ya rasa gane wanne ne ya kawo wane sauyi.

Idan duk waɗannan suna lafiya kuma har yanzu kana son babur ya ƙara kuzari, to sai a zo ga saye. Ana faɗar girman rola da lamba biyu, kauri da tsawo a ma'aunin milimita. Ta XMAX 300 ita ce 23 da 18, guda shida, alhali Yamaha TMAX tana ɗaukar 25 da 15 guda takwas, Suzuki Burgman 400 kuma 26 da 13 guda takwas. Bambancin milimita ɗaya ya isa ya sa rola ta ƙi zama ko ta riƙa rawa a cikin rami, saboda haka ka tafi da tsohuwar a aljihu. Ka kuma nemi ɗan ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da zinare, ka ɗora kowace ita kaɗai. Na sha ganin kwalin da aka rubuta giram 15, amma a cikinsa wata ta haura wata da kusan rabin giram, kuma abu mai juyi sau dubu shida a minti ba ya yafe irin wannan rashin daidaito, karkarwa yake jawowa, ya kuma cinye ramukan ta gefe ɗaya. Kamfanonin Malossi da Polini na Italiya sun daɗe a wannan sana'a, amma jabun kayansu sun yi yawa, kuma sikeli da kallon ingancin robar sun fi rubutun kwali faɗar gaskiya.

Za ka ji ana maganar wata irin rola ta kamfanin Dr. Pulley na Taiwan wadda ba zagayayya ba ce, tana da fuskoki masu faɗi, zamewa take yi a ramin maimakon mirginawa. Amfaninta shi ne ba ta yin shafal da wuri tun da da ma a kan faɗi take tafiya, kuma siffarta takan ba bel damar sauka ƙasa sosai wurin tashi da hawa sama sosai a ƙarshe. Ina son ta, amma da sharaɗi biyu: a sa ta ta fuskar da takardarta ta nuna, domin idan aka juya ta takan kife a cikin rami ta maƙale giya, sannan kada a ɗauka cewa giram 15 nata zai ba da juyin da giram 15 na zagayayya yake bayarwa. Haka ma idan mutum ya sayi cikakkiyar bariyeta ta waje, irin Multivar ta Malossi, gangarar ramukanta daban ce da ta asali, wani lokaci ma girman rolarta daban ne, don haka da nauyin da suka zo da shi ake farawa. Wanda kuma yake da Burgman 650 ko Honda X-ADV, wannan bayani duka bai shafe shi ba, domin na farkon lantarki ne yake sarrafa fulinsa, na biyun kuma giya ce ta haƙora mai kuloci biyu, babu rola a cikinsu.

Akwai dabarar haɗa nauyi biyu idan ana neman tsaka-tsaki, misali uku masu giram 15 da uku masu giram 17 domin a samu kwatankwacin 16. Tana aiki muddin aka jera su ɗaya bayan ɗaya, mai nauyi sannan marar nauyi har a zagaye, ba a tara masu nauyi a gefe guda ba. Ina amfani da ita wurin gwaji, amma da zarar na gano nauyin da nake so sai in sayi cikakken saiti, saboda masu nauyin su suke ɗaukar yawancin aikin, su kuma riga sauran cinyewa.

Wurin ɗaurawa ne aka fi yin ɓarna. Notin bariyeta yana kan karanshaf ne kai tsaye, kuma idan zarensa ya lalace, sai an tsaga inji gaba ɗaya. A riƙe faifan da maƙallin da aka yi domin haka, a ɗaure notin da sifana mai auna ƙarfin ɗauri daidai da lambar da ke littafin babur, kada a bar wa bindigar iska ta yanke hukunci. Lokacin mayar da bariyeta kan sandarta, ka sa yatsunka ka danne farantin baya sosai har ta zauna, domin idan ya ɗan buɗe rola ɗaya za ta iya faɗuwa ta karkace ba ka sani ba. Kafin ka ɗaure faifan waje, ka matse fulin baya da hannu biyu ka tura bel ya nutse ciki, ya yi sako-sako a gaba. In ba haka ba za ka ɗaure noti a kan bel kana zaton ya ɗauru, bayan ɗan gudu kaɗan ya kwance ya cinye haƙoran sandar. Idan bel yana da kibiya, ta fuskanci inda yake juyawa. Kada maiko ko ɗigo ɗaya ya taɓa fuskar faifan ko bel. Batun sa giris a ramukan rola kuwa, wasu bariyetocin a bushe suke aiki, wasu kuma, kamar ta TMAX, an yi su ne da giris da murfinsa, don haka littafin babur ɗinka ne zai raba gardama, ba al'adar gareji ba.

Gwaji kuma da agogo ake yin sa, ba da kunne ba, domin ƙarar inji tana yaudarar mutum ya zaci gudu yake yi. Ka samu miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, ka sa hular kwano, ka bari inji ya yi zafi sosai tukuna, saboda bel da sifirin sukan canza hali idan sun ɗumama. Tun kafin ka taɓa komai, ka gwada da rolar asali: ka murɗe totur daga gudun 30, ka lura da inda allurar juyi take tsayawa, ka kuma sa wani ya auna maka daƙiƙun da kake ɗauka tsakanin alama biyu a bakin hanya, zuwa da dawowa saboda iska. Ka rubuta. Sannan ka ja layi da alƙalamin tawada mai kauri, wato maka, a fuskar bariyeta daga tsakiya zuwa baki; bayan gudu, inda tawada ta goge shi ne iyakar inda bel ya kai. Daga nan sai ka sa mai giram 16 ko 15, ka maimaita a hanya ɗaya da kaya ɗaya, ba tare da ka sauya wani abu daban ba. Idan daƙiƙu sun ragu kuma tawadar ta goge har inda ta goge da farko, ka ci riba. Idan juyi ya ƙaru amma daƙiƙu ba su ragu ba, ko ka ga ragowar tawada a bakin faifan ta fi ta da faɗi, ka wuce gona da iri, sai ka koma baya da giram ɗaya.

Ga mutum irinka mai yawan goyo da zirga-zirgar cikin gari, a injin da ba a sauya masa salansa ko wani abu ba, ina sa ran za ka tsaya a 15 ko 16, kuma ka shirya ganin ɗan ƙari a kuɗin mai, wanda za ka iya aunawa ta hanyar cika tanki sau biyu ko uku kana rubuta kilomita. Idan kuwa yawancin tafiyarka doguwa ce, irin ta Kano zuwa Kaduna, inda bel yake zama a saman faifan na tsawon sa'o'i, sauya rola ba zai ba ka komai a can ba, gara ka bar 17 ɗinka ka sa kuɗin a bel na asali. Duk wanda ka zaɓa, ka sake buɗe murfin bayan kilomita 1,000 na farko ka duba yadda sabuwar rolar take ci, ka hure ƙurar, ka kuma adana tsofaffin shidan nan a cikin kwalinsu idan lafiyarsu ƙalau, domin su ne ma'aunin da za ka koma kansa duk ranar da ka sauya bel ko sifirin.